Kwandon da Ba a Buɗewa

Aikina a otal ɗin nan na Jimeta shi ne ɗaure kwanduna. In aka tambaye ni nakan ce ina sashen kyaututtuka, don ya fi daɗin ji. Gaskiyar magana ita ce daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu ina tsaye ne a wani ɗaki da ke bayan kicin, ina jera biskit da madarar gwangwani a kwando, in lulluɓe da leda mai ƙyalli, in ɗaure da kintinkiri. Sauran watannin kuma in zauna a ɗan shagon da ke kusa da ƙofar shiga ina sayar wa baƙi turare da buroshin haƙori. Da Sallah ma ana yin kwandunan, amma kasuwarsu ba ta kama ƙafar ta ƙarshen shekara ba, lokacin da kowane ɗan kwangila yake tuna cewa yana ƙaunar wani darakta.

Manajanmu na wancan lokacin yana son komai ya yi kama da na ƙasar waje. Da Disamba ya kama sai a fito da bishiyar roba daga sito, a kafa ta a tsakiyar falon karɓar baƙi, a manna mata audugar asibiti wai ita ce ƙanƙara. A rataya ƙananan fitilu masu ƙiftawa har bakin wurin ninƙaya. Akwai walimar yara, akwai liyafar ma'aikatan banki, akwai mawaƙan coci ranar Lahadi da yamma. Wani abokin aikinmu mai kai abinci ɗaki-ɗaki shi ake sa wa jar riga da gemun auduga ya zama Baba Kirsimeti, yana zufa yana raba alewa. Ni Musulma ce, amma ba zan yi ƙarya ba, ina son watan. Otal ɗin yakan yi ƙamshin kek, baƙi kuma hannunsu yakan saki.

Kowace shekara manajan yakan buga takarda mai sheƙi a ajiye a kowane ɗaki, wai shawarwarin abin da mutum zai ba masoyansa. Kwando iri uku ne. Na tagulla ana kai wa sakatare da malamin makarantar yara. Na azurfa akwai shinkafa 'yar waje da man gyaɗa da agogon bango. Na zinariya kuwa mutum biyu ne ke ɗaukarsa: turare, dabino a akwati, lemon kwalba mara giya, kofuna, babban tawul, da wasu gwangwanaye da ni mai jera su ban san me ke ciki ba har yau.

Ga abin da takardar ba ta faɗa. Ƙaramin kwando ne kawai ake buɗewa. Babban kwando yawo yake yi. Ɗan kwangila ya kai wa darakta, darakta ya dube shi ta cikin leda ya ce madalla, ya tuna shi ma akwai wanda yake gaba da shi. Bayan kwana biyu sai direbansa ya dawo mana da kwandon, ya ce oga ya ce a cire katin a sa wani, a ƙara ɗame kintinkirin. Mukan karɓi abin canjin kati mu yi shiru. Akwai kwandon da ya dawo hannuna sau huɗu a mako guda, har na fara gaishe shi. Na san wannan sarai tun kafin shekarar da zan ba da labarinta, shi ya sa ba ni da inda zan ɓoye.

Shekarar ita ce wadda mutanen daji suka ci Mubi. Mu muna unguwar Bekaji, gidan mahaifina, ɗaki huɗu. Cikin mako guda muka zama mutum goma sha tara, har da waɗanda dangantakarmu da su sai an zauna an warware. A cikinsu akwai Goggo, ƙanwar mahaifina. Mu asalinmu fatake ne daga Kano, amma ita tun tana yarinya ta yi aure a Mubi cikin Fulani, mijin ya rasu ya bar ta da ɗa guda. Hausarta ma ta koma irin ta can, mace da namiji duk ɗaya, in abin ya kai mata wuya kuma sai Fillanci. Ta iso a bayan tifa, da ɗaurin zane ɗaya da takalmi wari biyu da ba su yi kama da juna ba.

Ɗan nata bai iso ba. Shi ne taubashina, tela ne, shekarunmu kusan ɗaya, a lokacin muna gab da talatin. Duk sanda ya zo Jimeta sayen yadi sai ya tsaya a ƙofar gida ya tambaya ko 'yar gidan giya tana nan, ni kuma in ce a faɗa wa mai ɗinke wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo ba na nan. Ranar da aka shiga garin shi ya ɗora uwarsa a tifar da hannunsa. Ya ce zai koma shago ya ciro kan keken ɗinkinsa, don in babu shi ba abin da za su ci a Yola, zai biyo su a ƙafa. Wayarsa ta yi ringi kwana biyu ba a ɗauka, daga nan ta daina shiga.

Ba inda ba mu je ba. Tashoshin mota, asibiti, masallatai, harabar cocin da aka tara mutane, sansanin 'yan gudun hijira na Damare. Goggo takan shiga gaban keken haya kusa da direba saboda ta fi ganin hanya, ba ruwanta da kallon da ake mata. Duk inda muka je takan kwance bakin zaninta ta fito da hoton. Hoto ne irin na shago, ya sa shadda ruwan toka da ya ɗinka da kansa, ya dafa kujera, a bayansa labule mai zanen jirgin sama. Shi kaɗai ne abin da ta tsaya ta ɗauka daga jikin bango kafin su fito. Mutane sukan karɓa da hannu biyu, su duba, su girgiza kai, wasu su fito da nasu hoton su nuna mana.

Sai magana ta fara yawo cewa samarin da suka taho a ƙafa an tsare da yawansu a wani wuri ana tantance su, ba a bari su kira gida. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, kowa ya kama maganar, domin ta fi ɗayar sauƙin haɗiya. Aka ce akwai wani babban mutum mai riƙe da kujerar wani kwamiti, sunayen suna wucewa ta teburinsa, in ya ɗaga waya sau ɗaya za a duba. Da na ji sunan sai bakina ya riga hankalina. Na ce ai na san shi, kusan kullum yana otal ɗinmu wajen taro.

Daga ranar Goggo ta daina kallona a matsayin yarinyar da ta goya. Ta koma yi mini shimfiɗa in na dawo aiki.

Sanin da na yi masa kuwa irin sanin da mai shara yake yi wa mai gida ne. Dokar otal ta hana ma'aikaci tare baƙo da maganar kansa, an kori mutum biyu a kan haka ina gani. Shi kuma ba ya tafiya shi kaɗai, mutum shida ko bakwai ne ke kewaye da shi, kowa da waya a kunne. Sau ɗaya na yi ta maza na fito daga shago na durƙusa na ce ranka ya daɗe. Bai tsaya ba. Ya miƙo mini robar ruwan da ya gama sha, na karɓa na ce na gode.

Otal ɗin kuwa bai taɓa cika kamar wannan shekarar ba. Masu aikin agaji, 'yan jarida, manyan da suka gudo da iyalansu daga garuruwan arewacin jiha, kowane ɗaki da mutum. An ƙara masu gadi a ƙofa, ana leƙa ƙarƙashin mota da madubi, amma bishiyar roba ta fito a kan lokacinta. Nakan bar gidan da ake layin banɗaki tun asuba, in shigo inda ake gardamar ko kintinkirin bana ja zai zama ko ruwan gwal. Na ji haushin otal ɗin, na kuma ji daɗin sanyin na'urarsa, duka a lokaci guda.

Ana saura kwana goma Kirsimeti wani ɗan kwangila ya ba da aikin kwandon zinariya ga wannan babban mutum. Don ya burge, sai ya sa aka ɗinka cikakken sunan mutumin da zaren gwal a jikin tawul. Da na ga tawul ɗin sai dabara ta faɗo mini. Na ce wa raina wannan kam ba zai yi yawo ba, wa zai kai wa wani kyauta da sunansa a jiki? Dole a buɗe shi a gidan. Da yamma na faɗa wa Goggo da mahaifina.

Goggo ba ta yi wata-wata ba. A wajenta maganar a fili take: ba a zuwa gaban babba hannu rabbana, kuma wanda ya ci abin hannunka ba ya iya kawar da kai in ka kawo kuka. Kayan da ke cikin kwandon na ɗan kwangila ne, ita ma sai ta sa nata. Mahaifina ya ce zai ba ta abin sayayya, ta ƙi, ta ce gaisuwar da aka yi da aljihun wani ba ta da nauyi. Kwana huɗu tana bin wasu mata zuwa gonakin shinkafa na wajen Njuwa tana shiƙa, mace mai shekara sittin da ciwon gwiwa. Da abin da ta samu ta sayi aya da gyaɗa da sukari. Ta soya, ta daka, ta hana kowa taɓa taɓaryar. Ta mulmula dakuwa guda ashirin daidai wa daida, ta jera a sabuwar roba mai murfi. Yaran gidan suna zagaye da ita suna haɗiyar yawu, ko ɓarɓashi ba ta ba su ba.

Mahaifina ya rubuta wasiƙar da rubutunsa mai kyau na tsohon akawu, da sunan taubashina da unguwarsu da lambar wayarmu. Sai Goggo ta kwance bakin zani ta ajiye hoton a kan wasiƙar. Na ce ta bari in kai shagon kwafi a bakin titi a cire mana, a sa kwafin. Ta dube ni kamar na ce a kai wa sirikai tuwon jiya.

"Babban mutum ba a kai mishi baƙin takarda, ɓingel am," in ji ta, wato 'yata da Fillanci. "Ya ga fuskan yaro na sosai. In ya gani zai san ba ɗan daji ba ne. Kuma ba wanda zai riƙe hoton ɗan wani, zai dawo da shi."

Ni kuma wayar hannuna a lokacin ƙarama ce mara kyamara, an zare mini babbar a keke watanni kafin nan. Na ce a raina in na je aiki zan ari ta wata in ɗauki hoton. Ranar muna da kwando arba'in da za su fita kafin azahar. Na manta. Na sha juya wannan ranar a kaina ina neman wani dalilin da ya fi wannan, babu. Mantawa na yi.

Ba shi ne kaɗai kuskurena ba. Mai duba aikinmu takan zagaya kowane kwandon zinariya tana leƙe ta cikin leda kafin ya fita, in ta ga abin da ba ya cikin jeri to na shiga uku. Don haka na sa robar dakuwar da ambulan a can ƙasa, na naɗe su da tawul ɗin. Yadda aka saba, tawul mai suna a sama ake shimfiɗa shi, sunan yana kallon waje. Ni kuwa don in rufe kayan Goggo da kyau sai na naɗe shi ciki, sunan ya shige ƙasa, abin da ake gani fari ne fes kamar kowane tawul. Abu ɗaya tak da zai hana kwandon yawo, da hannuna na ɓoye shi, kuma ina ta yaba wa kaina wayo. Na yi wa kintinkirin ƙulli biyu, yadda nake yi in ba na so ya kwance. Direban otal ya ɗauka ya kai.

Goggo ta fara kwana da wayar mahaifina a ƙarƙashin matashinta. In ta yi ƙara sai gidan duka ya yi tsit.

Washegarin Kirsimeti aka yi walimar yara. Ma'aikata sun yi ƙaranci, aka cire ni daga ɗakin kwanduna aka ba ni cokalin askirim a bakin wurin ninƙaya. Tun sha biyu nake tsaye har la'asar, yara suna tsalle a cikin gidan roba da aka hura wa iska, Baba Kirsimeti yana neman inuwa, iyaye mata suna ɗaukar hoto. Da na koma ɗakinmu don in ɗauki jakata, abokiyar aikina tana share guntun kintinkiri. 'Yar Michika ce, ita ma danginta suna kwance a harabar coci, mun saba ba ma yi wa juna tambaya. Tana sharar ta ce yau ta ga ƙullina mai biyu, wai sai da ta sa almakashi. Wani na zinariya ne ya dawo canjin kati tare da wasu biyar daga gidan mai kwamitin.

Na tambaye ta ko ta buɗe ledar. Ta ce don me za ta buɗe, kati kawai aka ce. Na tambaye ta sunan wa ta rubuta a sabon katin. Ta ce direban da katunansa ya zo a cikin ambulan, ita liƙawa kawai ta yi, shida ne, ba ta san wanne ya hau kan wanne ba. Sai a lokacin ta ɗago ta ga fuskata, ta ajiye tsintsiyar. Na zauna a kan kwalin madara na gaya mata komai. Ta je ta kawo mini ruwa.

Kwana uku na ce ba ni da lafiya, na bi kwandon. Direban mai kwamitin na fara samu, a wajen mai shayin da direbobi ke zama a bakin otal. Ya tuna gida huɗu cikin shida. Na fara da wani gida a cikin Yola, mai gadi ya ce kwandunan da aka kawo an loda su a mota an kai filin jirgi, Hajiya ta tafi da su Abuja. A gida na biyu ba a ma buɗe mini ƙofa ba, ta ƙaramin taga aka ce in bar saƙo. A na uku mai aikin gidan ta ji tausayina ta shigar da ni wani ɗaki, kwanduna sun kai ashirin jere a ƙasa, kusan rabinsu ɗaurin hannuna ne. Na durƙusa ina leƙa su ɗaya bayan ɗaya, babu shi. A gida na huɗu matar gidan da kanta ta fito, mace mai fara'a. Ta ce ai su bana ba su ajiye ko ɗaya ba, sun ga halin da bayin Allah ke ciki, sun aika da su duka Damare a raba.

Na hau keke zuwa Damare ina addu'ar da ban san me nake roƙo a cikinta ba. A can aka ce e, an kawo kwanduna daga gidaje da yawa a makon. Masu rabo suka farke su a ofis, shinkafa gefe, mai gefe, biskit aka ba yara. Kwandunan kansu ga su nan mata suna zuba wanki a ciki. Na bi layi-layi ina tambayar farin tawul mai rubutun gwal, da ambulan, da robar dakuwa. Wata ta ce ta ga tawul, amma shuɗi. Wani dattijo ya ce takardu kam duk abin da aka samu da shi ake hura wuta. Wata mata ta saurare ni har na gama, sannan ta fito da hoton 'yarta ta ce tunda a otal nake aiki ina ganin manya, ko zan taimaka in nuna musu. Na ce mata ta riƙe hotonta, kada ta ba kowa, ko wane ne. Ta ɗauka wulaƙanci ne, na gani a idonta.

Ban ma tabbata kwandon ya je Damare ba. Yana iya kasancewa a Abuja, ko a ɗaya daga gidaje biyun da direban ya manta, ko ya ƙara zagayawa ya shiga sabuwar shekara a ɗakin wani.

Da na koma gida Goggo tana zaune a bakin ƙofa. Ta tambaye ni ko an ji wani abu. Na ce direban mai kwamitin ya tabbatar mini an buɗe kwandon a gaban ogansa, ya ga hoton, ya sa a aljihun gaban rigarsa ya ce za a duba. Ban shirya ƙaryar ba, a cike ta fito, har da aljihun. Ta ɗaga hannu biyu ta yi masa addu'a, ta yi wa iyayensa. Mahaifina yana daga ciki yana ji. Bai taɓa tambayata ba har ya rasu, ni kuma na san ya gane, domin tun daga ranar bai ƙara ambaton mutumin ba.

Bayan an ƙwato Mubi ƙura ta lafa, mutane suka fara komawa. Goggo ta je sau ɗaya tare da mahaifina. Gidan yana tsaye amma an kwashe har ƙofofi. Shagon mai hoton ya ƙone. Abokan taubashina biyu da suka samu, ɗaya wayarsa ta faɗa rafi a hanyar gudu, ɗayan ya ce yana da hoton da suka yi a wani biki, ya duba ya duba bai gani ba. Ta dawo Bekaji ta zauna da mu. Bayan wani lokaci masu rubuta sunayen waɗanda suka ɓata suka zo unguwa da takardunsu. Suka nemi hoto. Ta faɗa musu da alfahari cewa hoton yana hannun babban mutum, maganar tana sama. Yarinyar da ke cike takardar ta bar gurbin hoton fari, ta rubuta dogo, baƙi, tela.

Shekaru suka yi ta wucewa. Manajan ya tafi, wani ya zo, an sayi sabuwar bishiya mai fitilu a jikinta. Takardar shawarwarin kyauta yanzu a waya ake turawa, an ƙara kwando na huɗu da ya fi na zinariya. Ni ce mai duba aikin yanzu, ni nake zagaya kwanduna ina leƙe. Mutumin ya bar kujerar kwamitin, ya riƙe wata, ya tsufa, yana zuwa otal jefi-jefi da sanda. Sau da yawa na tsaya kusa da shi har ina jin ƙamshin turarensa. Me zan ce masa? Bai taɓa sanin akwai wata Goggo a duniya ba. Ita kuwa duk Disamba sai ta tambaye ni ko ya zo, ko ya yi wata magana. In ce yana ta fama, abin ne da yawa. Ta ce haka ne, manya abin ya musu yawa.

Bara mutumin ya rasu. A rediyo ta ji, kafin in dawo daga aiki. Na same ta ta yi wanka ta sa mayafinta na fita, ta ce in kai ta ta'aziyya. Na ce gidan zai cika da manya, ba za a bar mu mu shiga ba. Ta ce wajen mata ba a hana kowa. Na ce gwiwarta. Ta ce gwiwar tata ce. Muka tare keke.

Mun kusa gadar sama ta dafa hannuna. Ta ce yanzu iyalansa za su buɗe akwatunansa su fitar da takardu, in ba a yi magana da wuri ba za su zubar.

"Ba yaron nake nema ba yanzu," ta ce. "Wannan na bar ma Allah. Hoton kawai su ba ni. In na rufe ido rigan nake gani, da kujeran. Fuskan ba ya zuwa."

Na ce wa mai keken ya tsaya. A gefen titi, motoci suna wucewa, mai keke yana jinmu, na gaya mata. Tawul ɗin, da yadda na naɗe shi, da askirim, da gidaje huɗu, da Damare, da aljihun da na ƙirƙira. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu. Ina jira ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na samu sauƙi. Can ta gyara mayafinta ta ce ya ja mu je, tunda mun riga mun fito, mamaci ba ruwansa.

Muka shiga wajen mata, muka zauna a bakin tabarma. Ta yi wa matansa gaisuwa, ta yi masa addu'a mai tsawo, aka shafa. Ba wanda ya tambayi ko su wane ne mu. Muka dawo gida, ta ci tuwonta kaɗan ta shiga ɗaki.

Da safe ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki ta kira ni. Tana zaune a kan sallaya, hasken taga a fuskarta. Ta ce in zauna. Ta ce ni da ɗanta kullum muna tsokanar juna, na fi kowa ganin dariyarsa, don haka ni za ta tambaya.

"Yana da wushirya ne, ko baban shi ne mai wushirya?"

Na rufe ido na neme shi a ƙofar gidanmu yana kirana. Muryar ta zo, har da yadda yake jan ƙarshen magana. Bakin bai zo ba. Tana kallona tana jira, na ce yana da ita, 'yar ƙarama. Ta gyaɗa kai ta ce ita ma haka take gani.

Ban sani ba. Na ɗauki jakata na fita neman keke.